Barin Taba Ga Wanda Ya Tsufa Yana Shanta

Darasin wannan mako ya shafi wani mutum ne wanda masu wa'azi su kan manta da shi. In aka hau mumbari za a yi magana bisa taba, galibi samari a ke fuskanta, a ja musu kunne kada su fara. Wannan kuwa daidai ne. Amma ga dattijo nan a sahun gaba, furfura ta game masa kai, ya yi shekara 30 ko 40 yana busa sigari, yatsunsa biyu sun rine, leɓensa ya yi baƙi, wataƙila ma ya fara sha tun ba a haifi limamin ba. Ba ya gardama cewa taba tana cutarwa, domin ƙirjinsa yana shaida masa haka kowace asuba. Abin da ya ke faɗi shi ne, aikin gama ya gama, abin da za ta ci ta riga ta ci, sauran 'yan kwanakin da suka rage a ƙyale shi ya ƙarasa su da abarsa. Wannan magana ita ce za a ɗora bisa ma'aunin shari'a, sa'an nan a ɗora ta bisa ma'aunin likita.

Wanda ya san Kaduna ta ƙetaren kogi, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, ya san irin wannan dattijo. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Cikin shekarun 1960 masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a wannan yanki. Samari suka yi ta kwararowa daga ƙasar Zazzau da Katsina da Kano da sauran sassan Nijeriya, kowa da ɗan akwatinsa. Aikin masaƙa ba ya tsayawa, wasu su shiga da safe, wasu da rana, wasu su kwana bisa inji. Ba a kunna wuta kusa da auduga, saboda haka sai an fito bakin ƙofa, wurin mai shayi da mai tireda, sa'an nan mai sha ya ke samun sarari. A irin wannan wuri ne yaron da ya baro gaban iyayensa, ga albashi a aljihu ga barci a ido, wani aboki ya kan miƙa masa kara na farko, ya ce yana korar gyangyaɗi. Tabar kuwa ba daga nesa ta ke zuwa ba, an kafa masana'antarta a Zariya tun 1959, a lokacin ana tallarta a jaridu da allunan bakin hanya, ba mai cewa uffan.

Daga baya masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. An rufe Kaduna Textiles a 2002, ma'aikata da yawa suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu. Rikicin shekarar 2000 kuma ya riga ya sa wasu sun ƙetare gada sun koma arewacin gari, wasu suka zauna inda su ke. Albashi ya tafi, jiniyar masaƙa ta yi shiru, amma karan sigari ya bi mai shi duk inda ya koma. Wanda ya shiga aiki yana ɗan shekara 20 a 1975, a 2025 ya cika 70. In kara 10 ya ke sha a yini, cikin shekara 40 kaɗai ya zuƙe kara 146,000. Lissafin kuɗin kuwa a bar masa, ya fi kowa sanin farashi. Har ila yau akwai abin da ya keɓanci tsohon ma'aikacin masaƙa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙurar auduga tana jawo wani ciwon ƙirji mai toshe numfashi, wanda ya fi tsanani ranar da aka koma aiki bayan hutu, kuma hayaƙin taba yana ƙara masa ƙarfi. Watau huhun irin wannan bawan Allah kaya biyu ya ɗauka. An sauke masa ɗaya ba da sonsa ba, ranar da aka kulle ƙofar masaƙa. Ɗayan yana hannunsa har yanzu.

Dattijon da ya yi karatun zaure ya kan fara kare kansa da cewa ai malamai sun yi saɓani. Gaskiya ne sun yi, kuma ba a ci ribar ɓoye wannan ba. Taba ganye ne na nahiyar Amurka, ba a san ta ba a zamanin Annabi (S.A.W.), ba a san ta ba a zamanin limaman mazhabobi huɗu, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta iso ƙasashen Musulmi. Da ta iso sai malaman Malikiyya kansu suka rabu. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda sojojin Maroko suka kai Marrakish a 1594, ya ba da fatawa wajen 1607 cewa halal ce. Shehu Aliyu al-Ujhuri na Masar, wanda ya rasu a 1656, shi ma ya halatta ta. Abokin zamaninsa a Azhar, Shehu Ibrahim al-Laƙƙani, ya rubuta risala yana gargaɗin 'yan'uwa su guje ta. A nan kusa, a ƙasar Bagirmi gabas da Barno, wani malami Bafillace, Muhammad al-Wali, ya yi rubutu cikin ƙarni na 17 yana kafa hujjojin haramcinta. Sarkin Turkawa Murad na Huɗu ya hana ta da kaifin takobi a 1633, Daular Masina ta Shehu Ahmadu ta hana ta a ƙarni na 19, 'yan ɗariƙar Tijjaniyya kuma sun shahara da nisantar ta.

To, amma wanda ya kafa hujja da waɗanda suka halatta, wajibi ne ya duba bisa me suka halatta. Sun ce ba ta gusar da hankali kamar giya, kuma asalin tsirran ƙasa halal ne matuƙar ba a tabbatar da cutarwarsu ba. Watau sun rataya hukuncin ne ga rashin cuta, har ma suka bayyana cewa wanda ta ke cutar da shi, ta haramta gare shi. A zamaninsu akwai masu magani da su ke ganin taba tana korar majina da sanyi. Ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, ba su da ƙididdigar matattu. A 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka buga binciken da ya danganta sigari da sankarar huhu, a 1964 kuma babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da rahoton da ya rufe bakin masu musu. An gano cewa hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu an san suna jawo sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Ƙa'ida ce sananniya a wajen malaman usulu cewa hukunci yana tafiya tare da dalilinsa. Sharaɗin da Ahmad Baba da al-Ujhuri suka gindaya ya faɗi, saboda haka ba adalci ba ne a ci gaba da fakewa a bayan rigarsu. Shi ya sa manyan masu fatawa na baya-bayan nan, irin su Shehu Abdul'aziz bin Baz a Saudiyya da tsohon Muftin Masar Nasr Farid Wasil, suka tafi bisa haramci.

Hujjojinsu ba ɓoyayyu ba ne. Aya ta 157 cikin Suratul A'araf ta siffanta Annabi da halatta daɗaɗan abubuwa da haramta munana. Aya ta 195 cikin Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, ta 29 cikin Nisa'i ta hana shi kashe kansa, ta 26 da ta 27 cikin Isra'i sun hana almubazzaranci. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda aka gina babban sashe na fiƙihu a kansa. Har yanzu akwai malaman da suka tsaya bisa cewa makaruhi ce, amma ko a wajensu, wanda likita ya gaya wa cewa ƙirjinsa ko zuciyarsa ba za su ɗauka ba, ya fita daga saɓani. Dattijon da ya ke tsayawa sau biyu ya huta tsakanin gidansa da masallaci ba shi cikin waɗanda a ke saɓani a kansu.

Sa'an nan ga haƙƙin wasu. Daga cikin miliyoyin nan da Hukumar Lafiya ta ƙirga, fiye da miliyan guda ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Gidajen haya na Kakuri da Makera ɗaki da falo ne, ko ɗaki guda, a lokacin hunturu kuwa tagogi a rufe su ke. Uwargida da ta yi shekara 40 a ɗakin nan ita ma ta sha rabonta, jikan da a ke kwantarwa bisa gadon kaka shi ma yana sha. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, alhali kuwa halal ne cinsu. Wanda ya taɓa tsayawa sahu kusa da wanda ya kashe sigarinsa a ƙofar masallaci ba ya bukatar a yi masa bayanin ƙiyasin.

A koma ga maganar cewa lokaci ya wuce. A shari'a wannan magana ba ta da wurin zama. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa ana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai ga gargarar mutuwa ba, aya ta 53 cikin Suratuz Zumar kuma ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna. Abin lura, tsufan da dattijo ya ke kawowa a matsayin uzuri, shi ne hadisi ya mai da hujja a kansa: Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda Allah ya jinkirta wa ajali har ya kai shekara 60, an yanke masa hanzari. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito umarnin cewa ko da tashin ƙiyama ya riski mutum da dashen dabino a hannu, in yana da iko ya dasa shi. Wanda aka umarta da dasa itacen da ba zai ga 'ya'yansa ba, yaya za a ce ya yi tsufa da barin abin da ke cin jikinsa?

Akwai kuma wata kalma mai daɗin ji da a ke yawan yi, watau mutum ya ce in Allah ya nufa zai bari. Duk almajirin da ya karanta Ahalari, ɗan littafin nan da a ke fara fiƙihu da shi a zaurukan ƙasar Hausa, ya tarar a shafukan farko an jera sharuɗɗan tuba: nadama bisa abin da ya wuce, da niyyar rashin komawa, da barin laifin nan take. Mai littafin ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ke jinkirta tuba yana jingina jinkirin ga jiran shiriya. Shiriya ta Allah ce ba shakka, amma hannun da ya ke ƙyasta ashana na bawa ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya ƙi zuwa karɓar fansho yana cewa in Allah ya nufa zai zo har gida ba.

Ma'aunin likita shi ma bai goyi bayan dattijon ba. Tun 1951 Richard Doll ya shiga bin rayuwar likitocin Ingila maza fiye da 34,000, aka yi shekara 50 ana rubuta wanda ya sha, da wanda ya bari, da abin da ya kashe kowa. Da aka buga sakamakon ƙarshe a 2004, sai aka ga mai sha har ƙarshen rayuwa, bisa matsakaicin lissafi, yana rasa kimanin shekara 10. Wanda ya bari yana da shekara 30 ya maido kusan dukkansu, mai 40 ya maido kimanin 9, mai 50 kimanin 6, mai 60 kimanin 3. Shi kansa Doll mashayi ne, ya bari da ya ga abin da alƙalumansa suka nuna, ya rasu a 2005 yana da shekara 92. Kada mai karatu ya ce ai ajali ba ya gaba ba ya baya. Haka ne, amma Wanda ya ƙaddara ajali shi ya ƙaddara sabubba, kuma shi ya yi umarni da neman magani ta harshen Manzonsa. Shekara 3 kuwa ga mai 60 ba abin rainawa ba ne: azumin Ramalana uku ne, da salloli na farilla fiye da 5,000.

Amfanin ma ba ya jiran shekaru. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin minti 20 da kashe kara na ƙarshe bugun zuciya ya kan fara sauka. Cikin awa 12 gurɓatacciyar iskar da hayaƙi ya ke cusawa cikin jini, wadda ta ke tare wa iska mai kyau wuri, ta kan koma daidai. Tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu su kan inganta, tari da haki su ragu cikin watanni. Bayan shekara guda haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya kan koma kamar rabin na mai sha, bayan shekara 10 haɗarin sankarar huhu shi ma ya koma kamar rabi. A 2020 wasu masana a Ingila suka buga wani bincike a mujallar Nature wanda ya ba su mamaki su kansu. Sun duba ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hanyoyin numfashi, suka tarar a jikin waɗanda suka bar taba, har da waɗanda suka yi shekara 30 ko 40 suna sha, akwai wani kaso mai yawa na ƙwayoyin da su ke kamar na wanda bai taɓa sha ba. Ga alama wasu ƙwayoyi ne da suka tsira daga ɓarnar, da hayaƙi ya ɗauke sai suka hayayyafa suka maye gurbin lalatattu. A jikin waɗanda ba su daina ba, irin waɗannan ƙwayoyi kaɗan ne ƙwarai.

Ba daidai ba ne kuma a yi wa dattijo alkawarin abin da ba za a cika ba. Ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka riga suka fashe ba sa komawa, wanda ƙirjinsa ya riga ya toshe ba zai koma saurayi ba. Abin da barin ya ke yi masa shi ne ya tsayar da saurin lalacewar, ta koma tafiyar tsufa irin ta kowa. Sau da yawa wannan shi ne bambanci tsakanin wanda zai ci gaba da takawa zuwa jam'i da wanda zai ƙarasa kwanakinsa yana salla a zaune.

Me ya sa barin ya ke da wuya haka? A nan ya kamata masu wa'azi su sassauta harshe, domin wasu su kan ɗauka raunin imani ne kawai. A cikin taba akwai sinadarin nikotin, wanda ya kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwa ta saba da shi har ta sake tsarinta dominsa. Cikin kamar awa 2 rabin abin da ke cikin jini ya kan fita, sai jiki ya fara kira: ƙunci, saurin fushi, rashin natsuwa. In mutum ya kunna wani karan sai ya ji sauƙi, ya ce taba tana kwantar masa da hankali, alhali kuwa wutar da ta hura ce ta ɗan yayyafa wa ruwa. Shari'a ta san irin wannan ɗauri. Ba a haramta giya rana ɗaya ba: aya ta 219 cikin Baƙara ta fara, ta 43 cikin Nisa'i ta raba ta da lokutan salla, ta 90 cikin Ma'ida ta yanke. Buhari ya ruwaito bayanin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su bari ba har abada. Wannan ba izni ba ne ga kowa ya tsara wa kansa haramci kashi-kashi, domin wahayi ya cika. Darasin da ke ciki shi ne a yi wa mai jaraba hikima, a kama hannunsa, a daina kunyata shi a gaban 'ya'yansa.

Babbar hujjar da ke kan mashayi Musulmi kuwa ita ce azuminsa. Malamai sun haɗu bisa cewa zuƙar taba da gangan tana karya azumi, kuma mashayin da ya ke rantsuwa ba zai iya awa 2 ba tare da ita ba, shi ne ya ke yin awa 13 ko fiye a zafin Kaduna, kwana 29 ko 30 a jere, bai taɓa ta ba. Kafin a kira magariba mafi yawan nikotin ɗin ya riga ya fita daga jininsa. Watau kowace rana yana hawa mafi tsayin tudun, sa'an nan da ya ci dabino ya kurɓi kunu sai ya gangaro da kansa, wani ma tun kafin ya yi salla. Likitoci sun ce zafin rabuwa da taba ya fi tsanani a kwana 3 na farko zuwa mako guda, ya kan yi sauƙi ƙwarai cikin mako 2 zuwa 4. Wata guda na Ramalana ya ishe shi, in aka haɗa dare da yini. Wanda Ramalana ya yi masa nisa kada ya jira, ga azumin Litinin da Alhamis, ga kuma kowace rana ta Allah.

Abin da ya fi amfani shi ne a sa rana, a gaya wa iyali da aboki guda mai gaskiya, ranar kuma kada a bar ko kara ɗaya a aljihu ko ƙarƙashin matashi da sunan ko-ta-kwana. Wanda ya ga ya fi masa sauƙi ya rage kafin ranar, ba laifi, muddin ranar tana nan ba ta matsawa. Sha'awar in ta taso ba ta daɗewa, 'yan mintoci ne ta lafa, sai dai ta kan dawo, kuma tana da wuraren da ta ke tsare mutum: bayan cin tuwo, da kofin shayi na safe, da bencin majalisa bayan la'asar inda abokan shekara 40 su ke miƙo kwali ba tare da an tambaya ba. Ba a ce dattijo ya yanke zumunci ba, amma makonnin farko ya sake wurin zama, ko ya gaya musu a fili cewa wanda ya miƙo masa ba masoyinsa ba ne. Hannu da baki sun saba da aiki, sai a ba su wani: asuwaki, wanda dama sunna ne, da carbi, da kofin ruwa, da sabunta alwala in abin ya matsa. Goro kuwa a yi hattara da shi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin ƙone sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi, in aka daina sai ƙarfinsu ya ƙaru a jiki, mutum ya kasa barci, zuciya ta riƙa bugawa, ya ɗora laifin bisa barin taba. Abinci zai yi daɗi, jiki zai ɗan ƙaru, tari ma ya kan ƙaru na ɗan lokaci yayin da ƙirji ya ke share kansa. Masu gida su yi haƙuri da faɗan maigida na mako biyu, ladan jinya ne.

Neman taimakon likita ba gazawa ba ce. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko bisa yadda a ke taimakon manya su bar taba, ta ce shawarar ma'aikacin lafiya in an haɗa ta da magani ta fi kowannensu shi kaɗai. Akwai filastar nikotin da a ke mannawa a fata, da cingam ɗinsa, waɗanda su ke ba jiki ɗan abin da ya ke nema ba tare da hayaƙi ba, a riƙa ragewa har a rabu. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da cytisine da bupropion, waɗanda ba a sha sai da iznin likita. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ƙirga abin da fata ta ke tsotsa, kamar man shafawa da filastar magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Cingam kuwa sai bayan buɗa baki. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ko mai shan maganin taɓin hankali ya sanar da likitansa cewa ya bari, domin akwai magungunan da a ke sake musu awo in hayaƙi ya fita daga jiki. A ƙetaren kogi akwai Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri, da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa inda a ke duba masu fama da jarabar shaye-shaye. Wanda tari ya wuce masa mako 2, ko ya ga jini a majina, ko ya ke ramewa ba dalili, kada ya ce tarin taba ne ya zauna. A gwada shi, domin mashayi ya fi saurin kamuwa da tarin tibi.

Komawa ga tabar gari ta hanci ko ta leɓe, ko shisha da ta shigo a bayan nan, sake wa jaraba riga ne kawai. Mai tireda kuma da ya ke ba tsoho kara ɗaya bashi don tausayi ya sani dokar hana taba ta ƙasa ta 2015, wadda ta maye gurbin ta mulkin soja ta 1990, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Saura wanda ya bari sa'an nan ya koma. Mafi yawan waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama kafin su dace, saboda haka kara ɗaya da aka zame aka sha ba dalili ba ne na sayen kwali. Malamai sun tabbatar cewa komawa ga laifi ba ya ɓata tuban da ya gabata in an yi shi da gaskiya, sai dai a sabunta wani. Amma akwai tarko a nan wanda ya kamata a sani. Wasu don su ɗaure kansu su kan rantse da Allah, ko su dafa Alƙur'ani, cewa ba za su sake sha ba. Wanda ya yi haka ya karya, kaffarar rantsuwa ta hau kansa kamar yadda aya ta 89 cikin Ma'ida ta tsara: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta wuya, wanda bai samu ko ɗaya ba ya yi azumin kwana 3. A mazhabar Malik ana ba kowane miskini mudun Annabi guda na abincin gari, kuma ba a tsallakawa zuwa azumi matuƙar akwai ikon ciyarwa. Mafi haɗari shi ne wanda zafin nadama ya ɗebe shi ya ce in ya sake shan taba matarsa ta saku. A mazhabar Malik irin wannan sakin da aka rataya yana aukuwa da zarar an aikata abin da aka rataya shi a kai, kaffara kuma ba ta ɗauke shi, in ya ambaci uku kuwa ukun ne. Wanda ya riga ya furta irin wannan lafazi ya tafi wurin malami masanin fiƙihu ko alƙali, ya faɗa masa kalmomin da ya yi amfani da su daidai yadda ya faɗe su, tun kafin hannunsa ya kai ga ashana.